Feshi ko burushi: yadda na koyi yi wa jirgin katako banish da fenti

Jirgin ruwa biyu na haɗa da hannuna a rumfar bayan gida. Na farkon ƙarami ne, tsawonsa mita huɗu da rabi, na filawud ɗin okume mai kaurin milimita 6, irin wanda ake ɗinke allunansa da waya sannan a bi gaɓoɓin da efoksi, wato gam mai ƙarfi da ake haɗa ruwa iri biyu ya ƙanƙare, da ƙyallen zaren gilashi. Leɓensa, wato katakon da ya zagaye bakinsa, da bencinansa biyu na madaci ne. Shi na yi wa feshi, shi ne kuma ya koya mini hankali. Na biyun da rola da burushi kawai na gama shi, amma har yau in na kai shi bakin ruwa sai wani ya shafa gefensa ya tambaye ni wa ya fesa mini.

Don haka ba zan ɓoye ra'ayina ba. Mutumin da jirgi ɗaya yake da shi, a rumfa ko a gareji, burushi ya kamata ya riƙe. Feshi yana da ranarsa, zan kuma zo kanta, amma yawancinmu ba mu kai wannan ranar ba.

Bari in fara da abin kunyar. Da na gama goge jirgin farko, zumuɗi ya ɗebe ni. Na je wurin wani abokin mahaifina, tsohon mai fentin mota, na ari bindigar feshi da kwamfuresa. Yana naɗe mini tiyon iska ya ce, "Ɗana, me za ka zuba mata?" Na ce, "Banish ne na jirgin ruwa, Baba, irin mai mai ɗin nan." Ya tsaya ya dube ni. "Wannan fa ba ya mutuwa a iska. Duk inda ya sauka, nan ya samu gida." Na ce to Baba, alhali ban gane komai ba.

Washegari na gane. Abin da masu kujera suka saba fesawa yana shan iska nan da nan, ɓurɓushin da ya kauce wa aikin kan bushe tun bai kai ƙasa ba, ya faɗi kamar gari, a share shi da tsintsiya. Banish ɗin jirgi kuwa da mai ake dafa shi, man tung ko man linsid, a haɗa da ƙaro da sinadarin tare rana, kuma sai ya yi awoyi kafin ya daina danƙo. Hazon da ke tashi daga bindigar a jiƙe yake yawo, a jiƙe yake sauka. Babur ɗin ƙanena yana can ƙarshen rumfar, taku goma daga jirgin, amma da na shafa tankinsa sai na ji shi kamar samfefa. Gilashin taga ya dushe. Tabarau ɗina ma bai tsira ba. Shi kansa jirgin, ƙarƙashin leɓensa na dama dalala ce har uku, kowacce da ɗigo a ƙarshenta kamar hawaye, gefen hagu kuma, inda tsoro ya sa na ja hannu baya, ya fito da kaushi, babu sheƙi ko kaɗan. Kwana huɗu na jira dalalar ta bushe har ciki kafin in iya kankare ta.

Mai son feshi yakan ce ai sauri gare shi. Haka ne, fesa gefe ɗaya na ɗan jirgi bai kai minti goma ba. Amma a yi lissafin gaba ɗaya. Sai ka lulluɓe duk abin da ba ka so ya taɓa, da jirgin da rumfar da kayan cikinta, wannan kaɗai ya ci awa biyu. In ka gama kuma sai ka kwance bindigar ka wanke ta gunduwa-gunduwa da tina, wani rabin awa ke nan, kuma kowace shafa sai an maimaita. Ga asarar kaya. Tsohuwar bindiga mai ƙarfin iska tana watsar da fiye da rabin abin da ka zuba mata. Irin ta zamani da ake kira HVLP, wadda ke ba da iska mai yawa a ƙaramin matsi, bai wuce psi 10 a bakinta ba, tana kai kusan kashi biyu cikin uku kan aikin. Burushi kuwa in ban da abin da ya maƙale a gashinsa, duka kan katako yake ƙarewa. Sannan kafin banish ya yarda ya fita ta bakin bindiga sai an tsinka shi da tina sosai, tinar kuma tashi take yi, ta bar fatar da ba ta kai kaurin ta burushi ba. Inda shafa takwas ta burushi za ta isa, feshi sai ya nemi ƙari.

Abin da na daɗe ban yarda da shi ba shi ne, sheƙin da ake gani a jikin jirgi yawancinsa tun kafin a buɗe gwangwani aka yi shi. Banish da fenti mai sheƙi ba sa rufa asiri. Kowane rami, kowane tabon samfefa, kowane bakin ƙyallen gilashi da ba a lafar ba, sai sun ƙara fito da shi. Bindiga ba ta gyara wannan, burushi ma haka.

In jirginka na efoksi ne kamar nawa, ga abin da nake yi. Ina barin efoksin ya yi mako guda cur bayan shafar ƙarshe, domin banish mai mai in ya hau efoksin da bai gama ƙanƙara ba yakan ƙi bushewa, ya zauna da danƙo kwana da kwanaki. Sannan in wanke shi da ruwa zalla da soson goge tukunya, in tsane da tawul mai tsabta. Dalili kuwa, yawancin efoksi yana fitar da wani maiƙo-maiƙo a bayansa yayin da yake bushewa, musamman in akwai sanyi ko laima. Ruwa ne ke ɗauke shi, tina ba ta iyawa, samfefa kuma sai dai ta cushe ta yaɗa shi ko'ina. Bayan wanki sai guga da samfefa: lamba 80 don kwantar da tudu, 120 don share sawun ta farko, 220 a ƙarshe. Samfefar a naɗe ta a jikin dogon katako mai ɗan lanƙwasa, kada a riƙe ta da tafin hannu kawai, don hannu yana bin kwari da tudu ne ya bar su yadda suke. Ka daina guga in fuskar gaba ɗaya ta dushe bai ɗaya, babu ɗigon sheƙi ko ɗaya. In ka fara ganin saƙar ƙyallen gilashin tana fari, ka tsaya, ka ci da yawa.

Kada wani ya ce tunda efoksi ya rufe katakon an gama. Rana tana cin efoksi, ya yi rawaya, ya yi gari. Banish ko fentin da ke kansa shi ne rigarsa.

Katakon da ba a yi wa efoksi ba, kamar madacin bencina, hanyarsa dabam. Shafar farko rabi banish rabi tina, don ta nutse cikin katakon. Ta biyu tina kashi ɗaya cikin huɗu, ta uku kashi ɗaya cikin goma, daga nan sai banish kusan zalla. In katakon mai maiƙo ne irin tik, a goge shi da asiton dab da za a fara.

Yanzu ga burushi

Na gwada burushin gashin dabba mai tsada, na kuma gwada na soso mai arha wanda ake yarwa bayan aiki. Na gashi yana ɗaukar banish da yawa, yana kuma shimfiɗa shi da daɗi, amma yana son a kula da shi kamar jariri: wanki uku a tina, a taje, a rataye, kuma ƙurar da ta ɓuya a gindin gashinsa sai ranar shafar ƙarshe take fitowa. Yawancinsu gashin alade ne, wanda bai so sai ya nemi na gashin roba mai laushi. Ni dai na koma na soso mai faɗin santimita 5, sabo kowace shafa. Ba ya zubar da gashi, ba ya ajiye ƙura. Aibinsa ɗaya, in ka danna shi sai ya tatso kumfa.

Gwangwanin banish ba a girgiza shi, kuma ba a tsoma burushi a cikinsa. Ka tsiyayi abin da za ka yi aiki da shi ta cikin matacin fenti zuwa wani kofi mai tsabta, ka rufe gwangwanin. Abin da ya rage a kofin bayan aiki kada ya koma ciki. Da farko ina ganin wannan almubazzaranci ne, har sai da na lalata rabin gwangwani da ƙurar da ni da kaina na mayar masa.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Ina yin guga yau, in share, in zuƙe da injin shara, in bar rumfar ta kwana. Da safe in yayyafa wa ƙasa ruwa, in sa rigar da ban yi guga da ita ba, in bi jirgin da ƙyalle mai ɗan danƙo da ake sayarwa don kwashe ƙura, a hankali, ba dannawa. Daga nan babu mai shiga babu mai fita.

Ga yadda hannu ke tafiya. Tsoma kashi ɗaya cikin uku na burushin, kada ka kankare shi a bakin kofi don kumfa yake jawowa, ka ɗan taɓa shi a gefen ciki kawai. Ka ɗauki fili kamar kamu biyu. Shimfiɗa banish ɗin a gicciye tukuna don ya rabu daidai, sannan ka ja shi a tsawon katakon. Jan ƙarshe ka fara shi daga busasshen wuri ka shiga cikin jiƙaƙƙen da ka baro, kana ɗaga burushin a hankali kamar tsuntsu zai tashi. In ka sauke burushi a tsakiyar jiƙaƙƙe, sawunsa na nan. Sai ka matsa gaba tun bakin bai fara kamawa ba.

Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri da abin da ka baro a baya. Za ka waiga ka ga wani ɗan wuri da burushi ya tsallake, ko ƙwaro ya faɗa yana shure-shure. In minti biyu ko uku sun wuce, ƙyale shi. Banish ya riga ya fara kwanciya, taɓa shi zai bar gurbin da ya fi ƙwaron muni. Gobe samfefa za ta ɗauke shi, ƙafafunsa kaɗai za ka tarar. Ina ajiye fitila a ƙasa-ƙasa a can gaban jirgin, in duƙa in kalli haskenta a kan banish ɗin, nan take nake ganin inda ya yi yawa da inda bai samu ba.

Wuri mai tsaye, kamar gefen jirgi, shafa siririya yake so. Wuri mai kwance, kamar benci, yana ɗaukar mai kauri. Shi ya sa duk abin da ke kwancuwa nake kwance shi in shimfiɗa a kan tebur: bencina, filafilai, murfin akwati. Dalala kuma wurarenta sanannu ne, ƙarƙashin leɓe, gefen ramin kusa, da kusurwar da katako biyu suka haɗu. Nan burushi ke sauke kaya ba ka sani ba, sai ka bi su da burushin da ya kusa bushewa kafin ka wuce.

Banish na gargajiya shafa ɗaya ake yi a yini. Tsakanin shafa da shafa a bi shi da lamba 220 a farko-farko, 320 in an kusa gamawa, guga mai sauƙi don kashe sheƙi kawai, kuma a yi hattara da kusurwoyi don nan fatar ta fi siranta. A kan efoksi shafa huɗu zuwa biyar nake yi. A kan katako tsirara bai kamata a tsaya ƙasa da shida ba, takwas ta fi. Akwai irin da kamfanoni kamar Epifanes na ƙasar Holan ke yi wanda ake iya maimaitawa ba guga in ba a wuce kwanakin da aka rubuta a gwangwani ba, yana rage wahala a shafofin tsakiya.

Lokaci ma yana da nasa. Ba a shafa a cikin rana tsaka, ba a shafa a kan katako mai zafi, don saman zai kama tun ƙasan bai kwanta ba, sawun burushi ya daskare a ciki. Ba a kuma shafawa da yamma liƙis a wurin da raɓa ke sauka, don in ta sauka a kan ɗanyen banish sai ka wayi gari ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara. Ƙa'idar masu fenti ita ce zafin jikin aikin ya ɗara ma'aunin saukar raɓa, wato matakin sanyin da raɓa ke fara sauka, da aƙalla digiri 3 na Salsiyos. Ni hantsi nake bi, bayan raɓa ta ɗauke, kafin zafi ya taso. In zafin ya yi yawa burushi ya fara ja, ɗan tina kaɗan a kofi yana sake shi.

Fenti: mutum biyu, rola da burushi

Wannan ita ce dabarar da ta sa ake zaton an fesa jirgina na biyu. Mutum ɗaya yana shimfiɗa fenti da ƙaramar rolar soso mai faɗin santimita 10, na biyu yana binsa a baya da burushi yana share kumfar da rolar ta bari. Rola tana raba fenti daidai fiye da kowane hannu, amma tana barin ƙananan ƙuraje. Burushin ba ya ɗauke da fenti, aikinsa kawai ya shafi saman da bakin gashinsa, a karkace, da nauyin da bai wuce na burushin kansa ba. Sauran aikin fentin ne da kansa, ya kwanta ya haɗe.

Ni da uwargida muka yi. Ita ke riƙe burushi don hannunta ya fi nawa sauƙi. Na kifa jirgin a kan jakuna biyu na katako, wato maɗora masu ƙafafu, muka fara daga goshi. Ina mirgina fili mai faɗin kamar rabin mita daga sama zuwa ƙasa, in matsa, ita kuma ta shigo. Da na fara nisa sai ta ce, "Maigida, rage sauri, bakin yana bushe mini." Da na cika rolar kuma ta ce, "Ka yi masa yawa, ga shi yana tafiya." Gaskiyarta duka biyun. Rolar a matse ta a faranti har sai ka ga kamar ba ta ɗauki komai ba. In kana jin tana ƙara kamar ana tsotsa, fentin ya yi yawa. Shafa uku sirara sun fi biyu masu kauri nesa ba kusa ba.

Akwai gardama kan ko burushin ya bi tsawon jirgi ko ya sauko daga sama. Mu daga sama zuwa ƙasa muka fi jin daɗi, don sawun da ya kwanta a tsawon jirgi yakan zama matattarar fenti, daga nan dalala ke farawa. Gefe ɗaya a gama shi a tashi ɗaya, daga goshi har ƙeya, kada a tsaya amsa waya a tsakiya. Inda aka tsaya, layi zai fito.

Kafin fentin sama akwai na shimfiɗa, shafa biyu, a goge da 220 sannan 320 har ya yi santsi kamar ƙwai. Fentin saman a tsinka shi da tinar da kamfaninsa ya ce, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Gwajina shi ne in shafa kaɗan a kan gilashin da na jingina a tsaye. In sawun burushi ya ɓace cikin minti ɗaya ko biyu kuma bai zubo ba, ya yi. In sawun ya tsaya, ƙara tina. In ya zubo, ƙara fenti. Tsakanin shafofi lamba 320 ko 400. Salatif ɗin da aka ja layin ruwa da shi, wato layin inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, a danne bakinsa da farce, a kuma cire shi tun fentin yana da ɗan laushi, ana ja a karkace.

Maganar launi a taƙaice: baƙi da shuɗi mai duhu suna tona kowane aibi, suna kuma ɗaukar zafin rana har efoksin ƙasa ya yi laushi saƙar ƙyallen ta bayyana. Fari ko ruwan madara sun fi rufa asiri. Cikin jirgi kuwa ba ya buƙatar sheƙi, fenti marar ƙyalli ya fi wa ido daɗi a rana, inda ake takawa kuma a barbaɗa ɗan yashi mai laushi a kan jiƙaƙƙen fenti a sake rufe shi, don kada santsi ya kwashi mutum.

In dai sai ka fesa

Feshi yana biya in fili ne babba mai faɗi, ko jirage da yawa a jere, ko cikin jirgi mai haƙarƙari hamsin inda burushi zai kwana yana shiga lungu. Yana kuma biya in kana da ɗakin da za ka rufe, da fankar da ke fitar da iska wadda injinta ba ya tartsatsi, don hazon tina wuta yake jira.

Ka fara duba kwamfuresa. Cikakkiyar bindigar HVLP tana shan iska wajen lita 300 ko fiye a minti, ƙaramar kwamfuresar buga kusa ba za ta riƙe ta ba, matsi zai faɗi a tsakiyar gefe fentin ya fara fita gudaji-gudaji. A sa matacin ruwa da mai a kan tiyo, don ɗigon mai ɗaya daga kwamfuresa yana buɗe ƙananan ramuka a fenti masu kama da idon kifi. Silikon ma haka yake yi, kada a fesa man goge mota kusa da wurin. Bakin bindiga na milimita 1.3 zuwa 1.5 ya dace da banish da fentin sama, fentin shimfiɗa mai kauri yana son 1.8 ko sama. Kaurin ruwan kuma ba da ido ake auna shi ba, akwai ɗan kofi mai huda a ƙasa, a cika shi a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka ya tsiyaye, a gwada da abin da takardar fentin ta ce.

Bindigar ta tsaya santimita 15 zuwa 20 daga jikin jirgi, tana kallonsa kai tsaye. Kafaɗa da ƙafa ke tafiya, wuyan hannu a kafe. Kuskurena ke nan a jirgin farko: na tsaya wuri ɗaya ina kaɗa hannu kamar mai fifita, tsakiya ta sha da yawa ta zubo, gefe-gefe suka samu busasshen hazo. Ka fara motsi kafin ka ja kunama, ka sake ta bayan ka wuce ƙarshen aikin, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Jikin jirgi kuma lanƙwasa gare shi ta ko'ina, sai ka riƙa duƙawa kana miƙewa don tazarar ta zauna daidai, abin da mai fesa ƙofa ko allo bai san da shi ba. In fatar ta fito kamar ɓawon lemo, ruwan ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan ko ka yi nisa. In ta zubo, ka matso da yawa ko ka yi jinkiri. Duk wannan a kan kwali ko ragowar filawud ake koyonsa, a jingine a tsaye, har sai ka fesa allo uku a jere ba aibi. Ni ban yi ba, jirgina ne ya zama allon gwajin.

Akwai wuri ɗaya da ba na sassautawa. Fenti mai haɗi biyu, wato foliyuretan da ake zuba wa sinadarin ƙanƙara, irin su Awlgrip, shi ya fi kowanne ƙarfi da daɗewar sheƙi, amma sinadarin nan yana ɗauke da aisosayanet. In aka fesa shi, hazon yana shiga huhu, yana iya jawo asma ta dindindin, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya sai ta tashi. Ba shi da warin da zai gargaɗe ka cewa matacin takunkuminka ya ƙare. Shi ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce mai fesa shi sai da takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. Takunkumin ƙura na takarda ba ya cikin lissafi sam. Wanda ba shi da wannan kayan kada ya fesa shi, ko a waje ne. In ana son ƙarfinsa, akwai irin da aka yi don rola da burushi, a yi shi da safar hannu da takunkumi mai matacin gawayi a wuri mai iska, a kuma nemi rolar da tinarsa ba ta narkarwa, don soson arha narkewa yake yi a ciki.

Abu biyu kuma game da shi. Ba ya hawa kan fenti mai haɗi ɗaya, tinarsa tana tayar da na ƙasa ya yamutse. Kuma taurinsa ya dace da filawud mai efoksi wanda ba ya motsi. Jirgin da aka jera da falankai, wanda ke kumbura in ya sha ruwa ya tsuke in ya bushe, fenti mai mai yake so, wanda zai bi shi, in ba haka ba sai ya tsage a kan kowace gaɓa.

Fentin ƙasan jirgi mai hana gansakuka da ƙwarin ruwa kamawa shi ma ba na fesawa ba ne, guba ce a cikinsa, yawanci ta jan ƙarfe, rola ce tasa. Jirgin da ake fitarwa daga ruwa bayan kowace tafiya ma ba ya buƙatarsa.

Tsummokaran da suka sha banish ko man linsid kada a dunƙule su a jefa a kwando. Man yana ɗaukar zafi yayin da yake bushewa, tarin tsumma yana iya kamawa da wuta shi kaɗai cikin dare. A baza su ɗaya-ɗaya a waje su bushe, ko a nutsar da su a bokitin ruwa.

Shekara-shekara, da na ga sheƙin madacin ya fara dushewa, tun bai kai ga tsagewa ba, nakan wanke shi, in bi shi da 320, in ƙara shafa ɗaya ko biyu. Kofi ɗaya, burushin soso ɗaya, hantsi ɗaya. Inda filafili ya ƙwarzane leɓe ina da 'yar kwalba da ɗan burushi a cikin akwatin jirgin, in ɗiga masa tun ruwa bai shiga ƙarƙashi ya baƙanta katakon ba. Bindigar kuwa tun a makon nan na mayar wa Baba. Ya karɓa, ya kwance bakinta ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya ce ban wanke ta da kyau ba, sannan ya tambaye ni labarin babur ɗin.